Kafaɗar Baba ta Dama

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Malam da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Azare alhamdu lillahi.

Jiya muka dawo daga Kano da Baba. Likita ya duba hoto, ya ce 'yar ƙwaryar robar nan da aka dasa masa a kafaɗa a Masar ta kwance. Ƙashin da aka liƙa ta a jiki ya zaizaye. Sai an sake aiki a sa wata mai kusoshi, ita ma bai yi alkawarin za ta riƙe ba.

Sai da muka haye gadar Jama'are a hanyar dawowa, sannan Baba ya ce, "Hadiza, ba za a ƙara yanka ni ba. In dai zan iya kai loma baki da hannun damana, ya ishe ni."

Da safen nan ya gwada, ludayin koko ya zube masa a riga. Ni na ba shi, ya sha bai dube ni ba.

Yaya, na gaji. Ban sani ba ko in lallashe shi ko in ƙyale shi. Ki buga masa waya, yana jin maganarki.

Ki sa mu a addu'a. Inna tana gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza