Rumbun da Ka Share

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi na Sae Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina gaishe ka a duk inda kake, ko bisa ƙasa ko ƙarƙashinta, tunda har yau ba wanda ya zo mana da labarinka. Ni ce Hadiza, babbar ɗiyarka. Na yi furfura yanzu, har na wuce shekarun da kake da su ranar da ka tafi.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne na sa an tayar mini da ɗan ɗaki a ƙuryar gidana na Gidan Rumji, inda zan riƙa keɓewa ina rubuta addu'o'i da abin da ya dami zuciyata. An zuba yashi mai laushi, na shimfiɗa buzu, na ajiye tawada. Da magini ya tambaye ni irin ƙyauren da za a sa, sai na ce ya dakata tukuna. Kai ne ka faɗo mini a rai.

Ka tuna rumbunka na ƙasa, wanda ake shiga ta sama. A garinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta, balle yara. Abin da maigida ya fito da shi, shi ne abinci, sauran kuma tsakaninsa da Allah.

Shekarar da fari ya sake komowa, damina ta wuce gero bai kai gwiwa ba. Shanun Fulanin da ke bayan gari suka zube a hanyar rijiya. Muka koma cin 'ya'yan anza na daji, wadda sai ta kwana a ruwa ana zubarwa kafin ɗacinta ya ragu. Inna da matan unguwa suna tona gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ta tara.

A lokacin ne ka fara daɗewa a rumbu. Da an idar da sallar asuba sai ka hau tsani da allonka, ka ɗan karkata jinkan rumbun don haske, ka shige. Ba ka fitowa sai rana ta ɗaga. Da farko kakan sauko da ɗan gero a bakin riga. Daga baya sai ƙwarya kawai, da ruwan rubutun da ka wanke. Mu jeru mu sha, ka shafa kan kowa, ka ce, "Akwai saura, ku yi haƙuri."

Na yarda da kai, Baba. Ina alfahari ma. Nakan gaya wa ƙawayena cewa ubana yana da ɗakin da ba mai shiga sai shi da mala'iku.

Sani, autanmu, shi ne bai san haƙuri ba, don ko yaye shi ba a yi ba nonon Inna ya ƙafe. Ni ke goya shi, kuma kullum ina jin yana rage nauyi a bayana. Sau ɗaya tak na ji Inna ta yi maka magana a gindin tsani, murya ƙasa-ƙasa: "Malam, yaron ga ba ruwan allo yaka so ba, kunu yaka so." Ba ka juyo ba. Ka hau.

Sani ya rasu da bazara. Da aka share makoki ka bi mazan da suka nufi Nijeriya neman abin kai wa baki. Abin da ka bar mana kawai shi ne kada a buɗe rumbu sai ruwa ya sauka.

Ranar da ruwa ya sauka Inna ta ɗaure zani ta hau tsani, na bi bayanta. Mun tarar da wuri a share tas. Ga buzunka, ga allo a jingine, ga tawada ta bushe. Bisa inda kake zama kuma, ga damin gero guda a rataye, zaɓaɓɓun zangarku, irin shuka.

Wato a ƙarƙashinsa kake zama kana rubutu, kukan Sani yana ratso bango.

Mun shuka shi, Baba, kuma ya yi. Gidajen da suka cinye irinsu sun watse, mu muka tsaya. Daga wannan dami na rayu, 'ya'yana da jikokina duk daga cikinsa suka fito. Na san da haka. Amma na san kuma tafin hannu ɗaya da an daka, da ya yi kunu. Na yi fushi da kai shekara da shekaru. Sai da na haihu na fara tunanin yadda hannunka ya iya riƙe alƙalami a wurin nan, kai kaɗai, ba ka da wanda za ka gaya wa. Tausayinka ya kama ni, fushin kuma bai tafi duka ba.

Jiya na ba magini amsa. Na ce kada a sa ƙyaure, ko labule ba na so. Jikokina suna shigowa su tattaka yashin, su ɓarar mini da tawada, natsuwar da na nema rabinta nake samu. Na yarda. Ba yaron da zai tsaya a waje yana zaton akwai abin da na ɓoye masa.

Allah ya gafarta maka, Baba, in kana raye ya rufa maka asiri, in ka riga mu ya haskaka makwancinka. Allah ya haɗa ka da Sani, ka ɗauke shi ka yi masa bayani da bakinka, don ni na kasa.

Ɗiyarka,
Hadiza