Hannuna Ne, Amma Ba a Tambaye Ni Ba

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake. Wata biyu da suka wuce ina jan guga a rijiyar gidanmu na ji wani abu ya ce tas a gwiwar hannuna na dama. Tun ran nan ko buta ba na iya ɗauka. Yarana suka kai ni asibiti a Kano, aka yi hoto, aka ce jijiya ce ta yage. Likitan bai ko dube ni ba, da babban ɗana ya yi ta magana da Turanci, ina zaune kamar buhun masara. Babban ya ce tiyata, har ya karɓo rana. Ƙanensa Labaran ya rantse ba mai yanka uwarsa, gashi za a yi ta yi wa hannun a asibiti. Yanzu ba sa ko gaisawa, kuma a cikinsu ba wanda ya tambaye ni abin da nake so. Ni da na yi musu tsarki da wannan hannun! Abin da ya fi ci mini rai, autata A'isha cikin fari gare ta, saura wata biyu ta haihu. Yayyenta mata uku ni na yi musu wankan jego. Ita kaɗai zan bar wa maƙwabta? In aka yi aikin, an ce hannun zai jima a rataye. Gashin kuma an ce ba tabbas.

Uwar Bakwai, daga Kiru

Mama, fushinki yana kan hanya. Jikinki ne, ba a yi masa aiki sai da yardarki. Ki sa a mayar da ke wurin likitan, ki ce da Hausa za a yi, kuma da ke. Ki tambaye shi: jijiyar ta tsinke ne gaba ɗaya, ko ta ɗan yage? In yagewa ce, sau da yawa gashi da motsa hannu suna wadatarwa, sai dai suna son haƙurin watanni da zirga-zirga daga Kiru. In ta tsinke, jinkiri na iya ɓata aikin, kada haushi ya sa ki watsar da ranar da aka ba ki. Ko an yi tiyatar ma, sai an bi da gashin.

Sai maganar da ba za ki so ba. Kowanne kika zaɓa, wannan hannun ba zai ɗauki ruwan zafi nan da wata biyu ba. Ki samo 'yar'uwar da kika yarda da ita ta riƙe ganye, ke ki zauna kusa kina nuna mata. Ita A'isha, ke ce take so a gefenta.

Yaran nan kuwa tsoro ne ya haɗa su faɗa. Ki kira su tare, ki faɗa musu abin da kika yanke. Allah ya ba ki lafiya, ya sauki A'isha lafiya.