Jemagun Kogon Kukarmu

Yaya Tanko,

Ƙanwarmu Kyauta ta sanar da ni za ku turara hayaƙi a kogon kukar gonarmu don korar jemagu. Ina gaishe ka da Inna Marka da mutanen Safo.

Lafiyata lau, sai dai takalmina bai bushe ba wata biyu saboda yawo cikin jiƙaƙƙen daji. Nan ƙasar Ajantina, a dajin arewa mai ɗumi ni da abokan bincikena mun ƙirga irin jemage ashirin da bakwai. Da muka gangara kudu mai sanyi, tara kawai. Na kukarmu su ne aikin da zan dawo Madarumfa in yi. Sau uku ina gaya maka ƙwari suke ci, ba gero ba. Don Allah ka jira ni.

An ce har an tara kara a gindin kukar. Ban samu tabbaci ba tukuna.

Ƙanwarka,
Talatu