Motar Jikana a Sabon Jiki

Ƙanena Issufu,

Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kotonu? Mu nan Dogon Dutsi sai godiya.

Motar wasan da ka aiko wa jikana ta ɓata. Shekaranjiya sai ga ɗan maƙwabcina Mamman yana jan wata da igiya, an sa mata manyan tayoyi da sabon jiki na gwangwanin tumatir. Wai daga Kore Mairuwa aka kawo ta. Na ɗauko telekomandinmu, wato abin sarrafa motar jikana daga nesa, na latsa ta bayan darni. Tayoyin sun motsa, in ba idona ya yaudare ni ba.

Sahunmu ɗaya da Mamman a masallaci, kuma duk karatuna wawa ya ɗauke ni.

Ka yi mini addu'a kada bakina ya kuɓuce in ya miƙo mini hannu. Gai da Hajara da yara.

Yayanka,
Sale