Man da Na Goge a Bakin Bindigar Baba

Zuwa ga Yayana Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da sharrin sanyin Alaska. Mu nan Montana lafiya lau. Mama tana samun sauƙin gwiwarta, shanu kuma sun sauko daga tsauni kafin dusar ƙanƙara.

Yaya, na yi abin kunya, kuma a kan bindigar Baba ce, wadda ya bar maka ka ba ni ajiya. Ka tuna ƙarfen nan mai huji-huji da ake murɗawa a bakinta don rage naushin kafaɗa? Bana tsoho Virgil mai gyaran bindiga ya sa mata sabo. Da na dawo gida na kwance shi don in duba aikinsa, sai na ga wani irin mai, kamar ruwan tagulla, ya yi dama-dama a zaren, wato tsagin da ake murɗa ƙarfen a kai. Na ce tsufa ya sa Virgil ƙazanta. Na wanke shi tas, na murɗe ƙarfen a bushe, ina jin kaina gwana.

Bayan farautar barewa na zo kwancewa, ƙarfe ya kama ƙarfe, ko motsi. Na sa sifana har na yi masa rauni. Ka san bakina. Na taras da Virgil a gidan shan kofi, cike da mutane bayan an tashi daga coci, na ce ya lalata gadon marayu, wanda hannunsa ke rawa ya koma kiwon kaji. Ya dai ce in kawo bindigar.

Sai da ya yanke inci guda daga bututun bindigar kafin ya raba ta da ƙarfen. Ya nuna mini zaren a bushe, ya tambaye ni a hankali, yana kiran sunan Baba, wai 'yar Harlan, ina man da ya shafa? Ya ce shi ke hana ƙarfe biyu cin juna in wuta ta gasa su, kuma Babanmu ne ya koya masa haka. Ni da na cika ɗaki da littattafai, ban san abin da ke aljihun teburin ubana ba. Na je na buɗe, ga gwangwanin man, ga shaidar babban yatsan Baba a ciki. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ina zagin kaina.

Bindigarka ta gajarta, Yaya, kuma ba mai mayar mata da incin nan. Ka yafe mini. Lahadi mai zuwa zan tsaya a gidan kofin, in janye maganata da irin muryar da na faɗe ta. Mama ta ce za ta zauna a gaba don kada in rage ko kalma ɗaya.

Ka gaishe da matarka Noreen, da Clay da ƙaramar Opal.

Ƙanwarka mai kaifin baki,
Lorna