Teburin da Ya Ci Ƙafar Ƙanena

Zuwa ga Majo, shugaban asibitin karkararmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyali. Ranku ya daɗe, sau biyu na zo in faɗa muku maganar nan da baki, aka ce kuna taro. To yanzu na sa an rubuta ta, kowa ya karanta.

Ni ne Idi wanzami, daga wani ƙauye a ƙasar Urno, yayan Haruna, wanda fartanya ta sara a ƙwauri muna maimai a gonar hatsi daminar bana. Da ƙafa biyu ya hau babur muka zo wurinku. Yau ɗaya gare shi. Ga abin da idona ya gani.

Na ɗaya, teburin wankin ciwo. Ledar da ke kansa ta yage a tsakiya, soso ya fito, ya sha jini da mugunya har ya yi baƙi. A gabana aka sauko da wani dattijo mai gyambo, ba wanda ya goge komai, aka ce Haruna ya hau. Ciwonsa a buɗe ya kwanta daidai bakin ramin nan.

Na biyu, tsumma. Mai shararku tsumma ɗaya gare shi da bokiti ɗaya. Da shi ya goge aman wata mata a baranda, ya matse, ya bi hannun ƙofa, ya bi tiren almakashi. Ban ji ko ƙanshin jabel, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan ba. Ban ga laifinsa ba, abin da kuka ba shi ke nan.

Na uku, hannun ma'aikacinku da ya yi ɗinkin. Safar hannun da ya taɓa gyambon dattijo da ita, da ita ya ɗauki waya, ya tura ƙofa, ya dawo ya sa yatsa cikin naman ƙanena. Famfon ɗakin kuwa ko ɗigo ba ya yi.

Kwana huɗu ƙafa ta kumbura ta fara wari, zazzaɓi ya rufe shi har yana kiran babanmu da ya rasu. Da hannunku kuka rubuta takardar da ta kai mu babban asibiti, can suka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Ni ba likita ba ne, amma tun ina saurayi nake riƙe da aska, na san ciwon da zai warke. Wancan sara ne da zai warke cikin mako biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ku ne kuka zo ƙauyenmu kuka tara wanzamai a ƙofar maigari, kuka ce mu ke yaɗa cuta da aska ɗaya. Kuka sa na zazzage zabirata a gaban ƴaƴana da surukaina, ana ɗaga ƙahona ana dariya. Na haɗiye, don na ga gaskiya kuka faɗa. Tun ranar kowane kai da rezarsa, ƙaho sai na dafa shi. Ashe ƙazantar da kuka zo nema a zabirata tana shimfiɗe a ɗakinku, kuna kwantar da bayin Allah a kanta.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Na ga ramin, na ga tsumman, na yi shiru don a wurinmu ba a yi wa mai farar riga gyara. Ni na danne kafaɗun Haruna a kan teburin nan yana ihu, ina ce masa ya yi haƙuri magani ne. Wallahi in na tuna, ji nake kamar in sare hannun nan nawa.

Yanzu an sallame shi, an ce a riƙa wanke dungulmin a asibiti mafi kusa, wato naku. Ranar Alhamis ce wankin farko. In cuta ta sake shiga, ba sauran abin yankewa sai ransa, ga mata da ƴaƴa huɗu.

Don haka ina roƙon ku fitar da teburin nan. Ku raba tsumman ƙasa da na kayan aiki, ku sa jabel a ruwa. In famfo ya gagara, ko buta da sabulu a ajiye a bakin ƙofa. Mai taɓa ciwo ya canza safa a gaban mai jinya.

Ranku ya daɗe, Alhamis zan shigo ɗakin kafin Haruna. In na tarar da teburin, zan ja shi har bakin titi, in faskara shi da gatari, in zuba masa fetur in ƙona shi da rana tsaka. Ku kira jandarma tun yanzu su jira ni, ba zan gudu ba. Ba zan taɓa mutum ba, amma ba wanda zai sake hawa wannan teburin ina numfashi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku ikon gyarawa. Allah kada ya nuna muku ranar da za ku danne naku a kansa.

Wassalam.

Idi wanzami, daga ƙasar Urno.