Tambayar da Inna ta ƙi amsawa

Ƙanwata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara?

Ashe ciwon Inna ba basir ba ne, dubura ce ke zazzagowa. Daga Gumel aka tura mu Kano. Likita ya ce ta 'yan ƙananan huji zai yi aikin: ko ya ɗage hanjin ya ɗinke, ko, in bayan gida na mata wuya, ya rage shi tukuna. Ya tambaye ta a gabana, ta ja mayafi ta ce lafiya lau. Kin san kunyar ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa.

Talata za a shiga da ita. Ke ce auta, don Allah kira ta yau ki tambaya. Ki gaida kowa, a sa mu a addu'a. Kada a yi mata aiki a kan "lafiya lau".

Yayanki,
Sani